Sassaucin Tunani da Iya Zama da Mutane: Abin da Bincike Ya Gano Game da Haɗin Kai da Gasa



Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya ga irin wannan. 'Yan kasuwa biyu ne, rumfarsu tana jikin juna, hajarsu iri ɗaya. Da hantsi kowa yana kiran mai saye zuwa wajensa, kowa yana so a ce shi ya yi ciniki. Da azahar ɗaya ya tashi zai je salla, sai ya ce wa maƙwabcin nasa, "Alhaji, ga rumfa nan." Maƙwabcin ya sayar masa da kaya, ya ajiye masa kuɗinsa cif-cif. Mutumin da yake abokin hamayya da ƙarfe goma, shi ne amini da ƙarfe biyu. Haka abin yake tsakanin ɗalibai 'yan aji ɗaya, waɗanda ke bita tare da dare alhali kowa na neman zuwa na ɗaya. Haka yake a kwamitin masallaci, inda aikin ɗaya ne amma kowa na so a bi shawararsa.

Wanda ya kasa gane wannan sauyi yana faɗawa ɗayan ramuka biyu. Ko dai ya ɗauki kowa abokin gaba, ya wayi gari ba shi da mai tsare masa rumfa, ko kuwa ya ɗauki kowa amini, a yi ta cutarsa har jarinsa ya karye. Masana ilimin halayyar ɗan Adam sun shafe shekaru fiye da 70 suna nazarin abubuwa biyu da ke tsare mutum daga waɗannan ramuka. Na farko shi ne sassaucin tunani, wato mutum ya iya barin hanyar da ya saba idan yanayi ya sauya. Na biyu shi ne iya zama da mutane, wato ya iya gane abin da wani ya sani, da abin da yake so, da abin da yake tsoro. Za mu bi wasu daga cikin gwaje-gwajen da suka yi, mu ga abin da za mu ƙaru da shi.

Tulu uku da hanyar da aka saba

A shekarar 1942 wani masani a Amurka mai suna Abraham Luchins ya wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Yana ba mutane lissafi a takarda: ga tuluna uku, kowane da girmansa, a auno wani adadi na ruwa da su. Misali, na farko yana cin kofi 21, na biyu kofi 127, na uku kofi 3, ana son kofi 100. Hanyar ita ce a cika babban tulun, a rage cikin na farko sau ɗaya, a rage cikin ƙaramin sau biyu, sai 100 ya saura. Ya ba su irin wannan lissafi sau biyar a jere, duk da hanya ɗaya ake warware su.

Daga nan sai ya kawo tuluna masu cin 23 da 49 da 3, ana son 20. Tsohuwar hanya tana aiki a nan, amma akwai gajeriya: a cika na 23 a rage 3, shi ke nan. Mafi yawan waɗanda suka saba da doguwar hanya ita suka sake bi, ba su ma ga gajeriyar ba. Waɗanda ba a fara ba su lissafin farko ba kuwa, nan take suka gan ta. Sai kuma ya kawo 28 da 76 da 3, ana son 25. A nan tsohuwar hanya ba ta aiki sam, amsar kuwa a fili take, 28 a cire 3. Duk da haka mutane da yawa suka tsaya cak suka kasa. Luchins ya kuma lura cewa idan aka matsa musu da ƙurewar lokaci, makancewar takan ƙaru.

Abin lura shi ne, waɗannan mutane ba jahilai ba ne. Nasarar da suka samu sau biyar ita ta rufe musu ido. A 2008 Merim Bilalić da abokan aikinsa sun gwada ƙwararrun 'yan wasan darar Turawa da na'urar da ke bin motsin ido. Da zarar ɗan wasa ya hango hanyar da ya saba, sai ya ce yana neman wadda ta fi ta, amma idanunsa suna ta komawa kan gidajen hanyar farko. Ke nan mutum yana iya rantsuwa cewa ya buɗe zuciyarsa yana sauraro, alhali tunaninsa bai gusa daga inda yake ba.

Wannan baiwa tana da mazauni a ƙwaƙwalwa. A 1963 Brenda Milner, wadda ke aiki a birnin Montreal na Kanada, ta gwada marasa lafiyar da suka samu rauni a sashen gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi. Ana ba su katuna su ware bisa launi ko siffa ko adadi, sai a sauya ƙa'idar ba tare da an sanar da su ba. Mai lafiya yakan yi kuskure kaɗan ya gane an sauya. Su kuwa sukan ci gaba da bin tsohuwar ƙa'ida, ana ta faɗa musu sun yi kuskure. Mu masu lafiya ma muna ɗanɗana irin wannan idan fushi ya kama mu, ko tsoro, ko rashin barci. Shi ya sa shawarar da aka yanke cikin zafin rai takan zama maimaicin abin da aka saba ne kawai. Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma sai wanda ya ji kiɗan ne zai san ya sauya.

Abin da na sani da abin da ka sani

Sassaucin tunani yana da wani reshe da ya shafi mutane kai tsaye. A 1983 Heinz Wimmer da Josef Perner sun yi wa yara a ƙasar Ostiriya wani ɗan wasan kwaikwayo. Yaro ya ajiye cakulan a cikin kabad ya fita wasa. Bayan fitarsa mahaifiyarsa ta ɗauke ta mayar wani kabad. Sai a tambayi yaron da ke kallo: idan ya dawo, ina zai nema? Bincike iri-iri da suka biyo baya sun nuna cewa ɗan shekara uku yakan nuna inda cakulan yake yanzu, domin a ganinsa abin da ya sani kowa ya sani. Daga wajen shekara huɗu zuwa biyar yaro yake fara gane cewa wani yana iya ɗauke da fahimtar da ba daidai ba ce, kuma a kan wannan fahimta zai yi aiki.

Babba ya wuce wannan mataki, amma bai rabu da shi gaba ɗaya ba. Malamin da ya karanta littafi sau ashirin yakan manta yadda darasin yake a kunnen wanda ya ji shi yau. Ma'ajin ƙungiya da ya san inda kowane dala ya shiga yakan ji haushi idan aka tambaye shi lissafi, ya manta cewa masu tambayar ba su ga abin da ya gani ba. Rigingimu da yawa daga nan suke tasowa, kowa yana hukunta ɗan'uwansa da ilimin da ke kansa shi kaɗai.

Gasar da mai kirki ya lashe

Yanzu mu zo ga babban misalinmu. A 1950 wasu masana lissafi a Amurka, Merrill Flood da Melvin Dresher, sun tsara wani wasa da daga baya aka sa wa suna matsalar fursunoni biyu. 'Yan wasa biyu ne, kowa zai zaɓa a ɓoye: ya ba da haɗin kai ko ya ci amana. A tsarin makin da aka fi amfani da shi, idan duka suka haɗa kai kowa na da maki 3. Idan duka suka ci amana kowa na da 1. Idan ɗaya ya ci amana ɗayan ya ba da haɗin kai, maci amana na da 5, wanda aka cuta ba shi da ko ɗaya. Idan sau ɗaya za a buga, lissafi yana jan kowa zuwa cin amana, sai su tashi da ɗaiɗai alhali da sun samu uku-uku. Wanda ya taɓa shiga adashi ya san wannan jarrabawa: wanda ya riga ya kwasa, me zai sa ya ci gaba da zubi?

A ƙarshen shekarun 1970 Robert Axelrod, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Michigan, ya tambayi kansa abin da zai faru idan mutanen za su sake haɗuwa sau da yawa, kamar yadda maƙwabta ke haɗuwa. Ya gayyaci masana su turo dabarunsu a rubuce a matsayin manhajar kwamfuta. Dabaru 14 aka turo, ya ƙara guda mai zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi, kowace ta kara da kowace zagaye 200. Wasu dabarun dogaye ne masu cike da wayo da tarko. Wadda ta yi nasara ita ce mafi gajarta, wadda Anatol Rapoport na Jami'ar Toronto ya turo. Za mu kira ta "yi mini in yi maka". Ƙa'idarta biyu ce: a zagayen farko ka ba da haɗin kai, daga nan ka yi abin da abokin wasanka ya yi a zagayen da ya wuce.

Axelrod ya bayyana sakamakon ga kowa, ya sake kiran gasa ta biyu. Wannan karon dabaru 62 suka zo daga ƙasashe shida, kuma kowa ya san wadda zai yi ƙoƙarin kayarwa. Rapoport ya sake turo tasa ba tare da ya sauya komai ba, ta sake yin nasara. A littafin da ya fitar a 1984 kan yadda haɗin kai ke tsirowa, Axelrod ya bayyana halaye huɗu da suka ɗaga ta.

Na farko, ba ta fara cuta. A gasar farko dabaru takwas da suka zo sama duk masu wannan hali ne. Na biyu, ba ta bari a mayar da ita saniyar tatsa: wanda ya cuce ta yana ganin martani nan take. Na uku, tana yafewa: da zarar abokin wasa ya dawo hanya, ita ma ta dawo, ba ta riƙe abin da ya wuce. Akwai wata dabara da ba ta fara cuta amma idan aka cuce ta sau ɗaya ba ta sake yarda har abada, ita kuwa a gasa ta biyu can ƙasan jeri ta faɗo. Na huɗu, a bayyane take: abokin wasa yana saurin gane ta, ya san cewa zama lafiya da ita ya fi riba.

Ga wani abin mamaki. Dabarar "yi mini in yi maka" ba ta taɓa fin abokin karawarta maki a karawa ɗaya ba, kuma ba za ta iya ba, tunda ba ta fara cuta. Ko dai su yi kunnen doki, ko a ɗan fi ta. Ta lashe gasar ne domin duk wanda ta zauna da shi suna tashi da maki mai yawa tare. Masu wayon cin amana suna cin karawa ɗaya-ɗaya, amma suna ɓata dangantaka da kowa, sai jimlarsu ta yi ƙasa. Ɗan kasuwar da kullum yake auna ribarsa da ta maƙwabcinsa, yana jin zafi idan an fi shi da jika ɗaya, irin wannan kuskure yake yi. Abin da ya kamata ya auna shi ne abin da ya tara a shekara, da yawan mutanen da ke son sake ciniki da shi.

Babu dabarar da ta dace da ko'ina

Kada mai karatu ya ɗauka an samu maganin kowace cuta. Axelrod da kansa ya lissafa cewa da an turo wata dabara mai ƙarin haƙuri, wadda ba ta ramawa sai an cuce ta sau biyu a jere, da ita za ta lashe gasar farko. A gasa ta biyu masanin halittu na Ingila John Maynard Smith ya turo ta, sai ta zo ta 24, domin wannan karon akwai masu wayon da suka zo da shirin cin moriyar mai haƙuri. Dabarar ba ta sauya ba, mutanen da ta tarar ne suka sauya. A nan ne sassaucin tunani ya haɗu da sanin mutane: gwargwadon haƙurin da ya dace ya danganta da waɗanda kake zaune da su.

Ita ma "yi mini in yi maka" tana da rauni. A rayuwa ana kuskure. Saƙo bai isa ba, an ji magana a karkace, mutum ya makara saboda uzuri. Idan masu wannan dabara biyu suka haɗu kuma aka samu kuskure ɗaya, sai ramuwa ta bi ramuwa ba iyaka, kowa yana ganin shi aka fara cuta. A 1992 Martin Nowak da Karl Sigmund sun nuna cewa a inda ake samun kuskure, dabarar da ke kau da kai daga wani kaso na laifuffuka, wajen ɗaya cikin uku, ta fi mai ramawa kowane lokaci. Gabar da ta shekara goma tsakanin gidaje biyu, idan aka bi salsalarta, sau da yawa a kan kuskure ɗaya ta tsaya, wanda aka rasa mai cewa a bar shi ya wuce.

Sunan da aka sa wa wasa

Kafin mutum ya zaɓi dabara, sai ya amsa wa kansa wata tambaya: wane irin wasa muke bugawa? A 2004 Varda Liberman da Steven Samuels da Lee Ross sun wallafa wani gwaji da aka yi da ɗaliban Jami'ar Stanford. An nemi masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai su zaɓo waɗanda suke ganin sun fi son haɗin kai da waɗanda suka fi son gasa. Aka ba su wasan fursunonin nan. An gaya wa rabinsu sunansa Wasan Al'umma, rabi kuma aka ce musu Wasan Wall Street, wato unguwar kasuwar hannun jari ta New York. Makin bai sauya ba, ƙa'idar ba ta sauya ba. A ƙarƙashin suna na farko wajen kashi biyu cikin uku sun ba da haɗin kai, a ƙarƙashin na biyu wajen kashi ɗaya cikin uku. Shaidar da aka yi wa ɗaliban ta kirki ko son kai kusan ba ta nuna komai ba. Ke nan shugaban da ya buɗe taro da cewa "yau za a san wanda ya isa" ya riga ya zaɓa wa mutane halin da za su nuna.

Tun kafin wannan, a 1954, Muzafer Sherif, haifaffen Turkiyya da ke aiki a Amurka, ya kai yara maza 22 masu shekara 11 zuwa 12 sansanin hutu a dajin Robbers Cave na jihar Oklahoma. An raba su gida biyu, aka sa musu gasa mai kyauta ga wanda ya ci kawai. Cikin kwanaki aka kai ga zagi, da ƙona tuta, da kai samame ɗakin kwana. Da aka so a sasanta su, an fara da haɗa su cin abinci da kallon fim, sai suka koma jifan juna da abinci. Abin da ya yi aiki shi ne matsalar da gida ɗaya ba zai iya warwarewa shi kaɗai ba: ruwan sansanin ya tsaya, motar kawo abinci ta ƙi tashi sai da suka haɗu suka ja ta da igiya. A ƙarshe su da kansu suka nemi a mayar da su gida cikin mota ɗaya. Darasin a fili yake ga duk mai son sasanta ɓangarori biyu: walima kaɗai ba ta isa, sai an samu jinkar da hannu ɗaya ba zai ɗauka ba, kamar gyaran rijiya ko rufin makaranta.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa an soki wannan gwaji, domin manyan da ke gudanar da shi su ne suka riƙa hura wutar. A shekarar da ta gabace shi, 1953, Sherif ya yi irin wannan yunƙuri a jihar New York bai yi nasara ba, saboda yaran sun riga sun shaƙu, suka fara zargin cewa manyan ne ke haɗa su faɗa. Wannan ma darasi ne. Idan gaba ta taso ba zato tsakanin mutanen da suke zaune lafiya, yana da kyau a tambaya wa ke ƙaruwa da ita.

A ƙasashenmu akwai al'adun da suka daɗe suna yin wannan aiki na sauya sunan wasa. Wasan taubasantaka tsakanin ƙabilu, kamar Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa, yana mayar da maganar da za ta iya jawo faɗa ta zama raha, har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Kokawar gargajiya ta neman takobi, wadda aka fara a Tahoua a 1975, gasa ce mai zafi, amma ba za ta yiwu ba sai jihohi sun yarda da fili ɗaya da alƙali ɗaya da ƙa'ida ɗaya. Duk gasa mai tsafta a kan haɗin kai take zaune.

Wuƙa mai baki biyu

Sanin abin da ke ran wani kayan aiki ne, kuma ana iya amfani da shi ta kowace fuska. Ɗan damfara ma gwani ne a wannan fanni. A 2008 Adam Galinsky da abokan aikinsa sun sa ɗalibai cinikin gidan mai, inda iyakar kuɗin mai saye bai kai mafi ƙarancin abin da mai sayarwa zai karɓa ba. A kan farashi kawai ciniki ba zai faɗa ba. Amma mai sayarwa yana da wata buƙata a ɓoye: zai yi doguwar tafiya, kuma yana son aikin yi idan ya dawo. Masu sayen da aka umarta su yi tunanin abin da mai sayarwa yake tunani da abin da yake buƙata, wajen kashi uku cikin huɗu nasu sun gano mafita, misali a rage farashi a yi masa alƙawarin aiki. Waɗanda ba a ba su wannan umarni ba, ƙasa da rabi ne suka ƙulla ciniki. Waɗanda aka ce su tausaya masa kawai sun tsaya a tsakiya. Ke nan tausayi yana sanyaya zuciya, amma gano buƙatar mutum shi ke buɗe ƙofa.

Sai dai a 2006 Nicholas Epley da Eugene Caruso da Max Bazerman sun gano ɗaya bakin wuƙar. Idan mutane suna ganin gasa suke yi, aka ce su yi tunanin abin da ke ran sauran, sukan ɗauka cewa sauran za su yi son kai, sai su riga su kwasar rabo mai yawa. Zato ya haifi abin da ake zato. A 2018 kuma Tal Eyal da Mary Steffel da Epley sun haɗa gwaje-gwaje 25, suka ga cewa ƙoƙarin kintatar abin da ke ran wani bai sa mutane sun fi dacewa da gaskiya ba. Abin da ya ƙara dacewa shi ne tambayar mutumin da sauraron amsarsa. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska takan yi kuskuren ba da labari, baki ya fi ta.

Majalisa mai basira

A 2010 Anita Woolley ta Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinta sun gwada mutum 699 a ƙananan ƙungiyoyi na mutum biyu zuwa biyar, suka ba su ayyuka iri-iri. Sun ga cewa wasu ƙungiyoyi suna yin kyau a kusan kowane aiki, kuma kaifin basirar gwanin cikinsu bai bayyana dalilin hakan sosai ba. Abubuwan da suka fi tafiya tare da nasarar su ne yadda mambobi ke gane yanayin juna, da yadda magana ke zagayawa a tsakaninsu. Ƙungiyar da mutum ɗaya ko biyu suka mamaye magana ta fi rauni. Masana suna ci gaba da tattauna ƙarfin wannan sakamako, amma duk wanda ya zauna a kwamiti ya san cewa wanda aka hana magana yakan tafi gida da labarin da ake buƙata.

Abin da za mu riƙe

Wani zai ce, to wannan sassauci ba shi ne zama ba alƙibla ba? A'a. Dabarar Rapoport ba ta taɓa sauya ƙa'idarta ba, amsarta ce take sauyawa gwargwadon abin da ta tarar. Mai sassaucin tunani yana riƙe manufa da gaskiya da amana, yana sauya hanya. Mai fuska biyu kuwa manufar yake sauyawa gwargwadon wanda ke gabansa, kuma mun ga cewa wanda ba a iya gane inda ya dosa shi ke asara a doguwar tafiya.

Ga ɗalibi da ɗan kasuwa da ɗan kwamiti, abubuwan da wannan bincike ya nuna ana iya gwada su tun gobe. Idan hanyar da ka saba ta gaza sau biyu, tsaya ka tambayi kanka ko tulunan ne suka sauya. Kada ka yanke hukunci a kan ɗan'uwanka kana cikin fushi ko gajiya, bari gari ya waye. Fara mu'amala da kyautatawa. Idan an cuce ka, nuna ka gani, gwargwadon laifin, ba tare da ƙari ba. Idan an dawo, karɓa, kuma ka bar wa kuskure gurbi. Kafin ka fassara shirun wani ko makararsa, je ka tambaye shi. Idan kai ke jagorantar zama, nemi ra'ayin wanda bai ce komai ba kafin a tashi. Idan kuma ɓangarori biyu sun ja daga, nemo musu aikin da dole sai sun haɗa hannu.

Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, in ji masu iya magana. Saɓani da gasa ba za su ƙare ba muddin ana zaune tare, kuma gasa mai tsafta tana fito da gwanintar mutane. Abin da ke hannunmu shi ne kada cinikin hantsi ya hana mu samun mai tsare mana rumfa da azahar.

Allah Ya ba mu fahimta da iya zama da juna.